Kayan Aro a Cikin Manhaja: Abin da Maginin Ajingi Zai Duba Kafin Ya Ɗauko Laburare

A ɗauka wani mai kemis ne a Ajingi ya gaji da littafin bashi. Shafuka sun yayyage, yaron shago yana rubutun da shi kansa ba ya iya karantawa, magani ya ƙare a kanta ba a sani ba sai mai saye ya tambaya. Sai ya kira ɗan ƙanwarsa da ke karatun kwamfuta a jami'ar kimiyya ta Wudil, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ya ce masa: "Kai yaro, tunda abin nan kake karanta, haɗa mini wanda zai riƙe lissafin kaya, ya nuna mini masu cin bashina, ya fitar da rasit." Yaro ya ce, "To Kawu, an gama." Cikin sati uku ya haɗa manhaja mai kyan gani, tana gudu a kwamfutarsa kamar ruwa. Ranar da aka ɗora ta a tsohuwar kwamfutar shago sai ta ƙi buɗewa. Da aka sha fama ta buɗe, rasit na farko ya fito da sunan Ɗanladi, amma a gurbin harafin farko alamar tambaya ce, alamar naira kuma ta koma ɗan akwati.

Duk cikin ɓarnar nan biyu babu wadda ta fito daga abin da yaron ya rubuta da hannunsa. Daga kayan da ya aro suka fito. Mai rubuta manhajar da ake girkawa a kwamfuta ba ya farawa daga fili fetal. Yana samun ginshiƙi da wasu suka riga suka kafa, wanda masu sana'ar suke kira firemwok: shi ne yake zana taga, maɓalli, akwatin rubutu da jadawali, shi yake jin taɓin linzami da madannai. Irinsu su ne Qt da wasu 'yan Norway biyu, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, suka fara a 1991 suka sake shi ga jama'a a 1995, wanda VLC da Telegram na kwamfuta suke kansa. Da wxWidgets da Julian Smart ya fara a Jami'ar Edinbura a 1992. Da Windows Forms na Microsoft da ya zo a 2002. Da Electron na GitHub da aka fara a 2013. Abin da ginshiƙin bai zo da shi ba, kamar karanta fayil ɗin Excel, zana lambar QR, ko magana da firintar rasit, sai a nemo shi a wurin wasu mutane dabam. Wannan ƙunshin rubutun manhaja da wani ya yi, kai kuma ka ɗauko ka jona a naka, shi ake ce wa laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a cikinsa.

Wani zai ce wa yake ta manhajar kwamfuta yanzu, alhali komai ya koma waya da intanet? Mai wannan maganar bai zauna a shago a Toranke ko Gafasa ba. Manhajar da ke zaune a intanet tana son layi mai ƙarfi daga safe har dare, tana son data, tana son kuɗin haya duk wata, sau da yawa ma da dala. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 kowa ya san inda ta kwana. Manhajar da ke cikin kwamfutar shago ba ruwanta da wannan: in akwai caji a batir, ko an tayar da janareta, aiki ya tashi. Ƙaramar hukumar Ajingi da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 170,000 tana da kemis-kemis, makarantun Islamiyya, dillalan taki da masu awon hatsi da suka isa su ci da mai wannan sana'a, in ya iya ta.

Tarihin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya suka taso neman tama har suka sauka a gindin Dala, shi ya sa ake kiran zuriyarsu Abagayawa. Abin da ke ba ni sha'awa a labarin shi ne tsarin tafiyar: ba su kafa maƙera sannan suka tambayi inda ƙarfe yake ba, inda tama take nan suka kai maƙera. Ɗalibanmu akasin haka suke yi. Yaro zai ga bidiyo a YouTube ya ƙyasa wani firemwok, ya rubuta rabin aiki, sannan ya fara tambayar ko akwai laburaren da zai buga rasit. A ganina daga rasit ake farawa. A zauna da mai shago a rubuta abubuwan da dole manhajar ta yi waɗanda ba kai za ka rubuta su ba, a nemo laburarorin da za su yi su a kan ainihin kwamfutar da ke shagon, sannan a zaɓi ginshiƙin da duk suka yarda da shi.

Wurin nema na farko shi ne cikin gida. Kowane babban ginshiƙi yana zuwa da kaya masu yawa da mutane ba sa buɗewa. Qt yana da sashen rumbun bayanai wanda ya zo da SQLite a cikinsa, yana da sashen buga takarda, yana rubuta PDF da kansa, yana magana da na'urar da aka jona ta kafar siriyal, irin su ma'auni na lantarki. Python yana zuwa da nasa SQLite, da mai karanta fayilolin CSV, da Tkinter na zana tagogi. Mai kemis da ya ce yana son ya buɗe lissafinsa a Excel, sau da yawa CSV ya wadatar da shi, babu buƙatar ɗauko komai. Haka rubuta kuɗi da kalmomi a ƙasan rasit, a ce naira dubu goma sha biyu da ɗari biyar: 'yan layuka ne da yaro zai rubuta da yamma ɗaya, kuma shi ya fi baƙo sanin inda "sha" take shiga da inda "da" take shiga.

In babu a gida sai a tafi kasuwa, kuma kowane harshen manhaja da tasa kasuwar. Masu Python suna da PyPI tun 2003, masu C# da VB.NET suna da NuGet tun 2010, masu Electron suna da npm, masu Java suna da Maven Central. A waɗannan kasuwanni layi ɗaya ake rubutawa kaya ya sauko tare da duk abin da yake dogara da shi. Masu C++ ne suka daɗe babu kasuwa guda. Shekaru da yawa mai neman laburaren Qt sai dai ya yi ta yawo gida gida. Mutanen KDE, masu aiki da Qt, sun yi ƙoƙarin tara su a wani kundi mai suna Inqlude, a 2014 kuma suka rarraba nasu kayan zuwa gunduwa-gunduwa da sunan KDE Frameworks 5 don kowa ya ɗauki abin da yake so, kamar KArchive na buɗe fayilolin zip. Microsoft ya fito da vcpkg a 2016, ga kuma Conan, kamfanin Qt shi ma ya buɗe tasa kasuwar a ƙarshen 2019. Duk da haka sunayen da ake ta ambata a bakin masu sana'ar 'yan kaɗan ne: Qwt da QCustomPlot na zanen jadawali, QXlsx na Excel, QuaZip, QZXing na lambobin kaya. A ɓangaren Python akwai openpyxl da ReportLab da python-escpos, a ɓangaren C# akwai ClosedXML da PDFsharp da ZXing.Net. Samun suna dai ba shi ne wahalar ba. Minti goma na bincike a GitHub zai ba ka ashirin.

Sai dai kasuwar buɗe take, kowa yana iya baza kolinsa, har da ɓarawo. A Disamban 2019 aka cire wasu ƙunsassu biyu daga PyPI. Ɗaya ya kwaikwayi sunan sanannen laburaren nan jellyfish, sai dai an musanya ƙaramin harafin l na farko da babban harafin I, abin da ido ba ya rabewa a allo. Aikinsa satar makullan sirri daga kwamfutar wanda ya girka shi. Yanzu kuma an sami sabuwar ƙofa: ɗalibi zai tambayi ChatGPT ko makamancinsa laburaren da zai yi kaza, ya ba shi suna mai daɗin ji wanda babu shi a duniya, masu mugun nufi kuwa suna iya yin rajistar irin waɗannan sunaye su zauna jira. Maganin abin ba wuya. A je ainihin shafin masu laburaren, a kwafo sunan daga can harafi da harafi. Su kuwa fasassun kayan sayarwa da ake yawo da su a filash, irin DevExpress ko Bunifu da aka cire wa makulli, wanda ya fasa su bai yi don Allah ba, kuma kwamfutar da za su zauna a kai ita ce mai riƙe da sunayen marasa lafiya da bashin gari guda.

Yanzu a koma kan kwamfutar Kawu da ta ƙi buɗewa. Yawancin kwamfutocin da ke shagunan ƙasar Gaya na hannu ne, an sayo su a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano bayan sun gama rayuwarsu ta farko a wani ofis na Turai. Wasu har yau Windows 7 ne a kansu, wanda Microsoft ya daina kula da shi ranar 14 ga Janairun 2020. Masu laburare kuwa ba sa jiran kowa. Qt 6, wanda ya fito a Disamban 2020, ba ya aiki a Windows 7, 5.15 ne na ƙarshe da yake yi. Python 3.8 ne na ƙarshe da yake hawa kansa. Electron ma fitowa ta 22 ce ta ƙarshe da take hawa kansa, kuma ko da ya hau, yana jan burauzar Chromium sukutum a bayansa, manhajar da ba ta yin komai ma sai ta haura megabayit ɗari, ta cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta mai gigabayit biyu. Saboda haka tambayar farko ba "wane laburare ya fi kyau" ba ce, "wace fitowarsa ce take hawa wannan akwatin" ce. Kuma da zarar an koma Python 3.8, to duk sauran kayan sai an nemi tsofaffin fitowarsu da suka dace da shi.

Ga masu C++ abin ya fi tsanani, domin laburaren da aka dafa da na'urar haɗa manhaja ta Microsoft ba ya zama tukunya ɗaya da wanda aka dafa da MinGW, na Qt 5 ba ya shiga Qt 6, na bit 64 ba ya hawa Windows mai bit 32. Tsofaffin hannu da suka yi zamani da Visual Basic 6 sun san wannan ciwon tun da daɗewa: ka kai wa mutum aiki, kwamfutarsa ta ce ba ta ga MSCOMCTL.OCX ba, ka hau mota ka koma Kano neman fayil guda. Wanda bai gwada manhajarsa a kwamfutar da ba a taɓa girka kayan aikinsa a kanta ba, bai gwada ta ba tukuna.

Batun haruffa shi ne inda nake so a daɗe, domin nan ne Bahaushe yake da matsalar da mai rubuta laburare a Jamus ko Amurka bai taɓa mafarkinta ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda muke sa 'y, duk suna da gurbi a Unicode, haka ma alamar naira. Amma tsohon tsarin haruffan Windows na Yammacin Turai ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, haka ma salon haruffa goma sha huɗu da tsarin PDF ya gada, irin su Helvetica da Times. Laburarori da yawa na rubuta PDF, ciki har da ReportLab, da Helvetica suke farawa in ba a ce musu komai ba. Sakamakon jarrabawar yarinya mai suna Ɗayyaba zai fito da baƙin tabo a farkon sunanta. Gyaran shi ne a cusa salon da yake da haruffan a cikin fayil ɗin, kamar DejaVu Sans ko Noto Sans ko Charis na SIL, waɗanda duk lasisinsu ya yarda a raba su kyauta. Laburaren da ba ya bari a cusa masa salon harafi, a bar shi a kasuwa.

Firintar rasit, mai takardar zafi ta milimita 58 ko 80, nata lamarin dabam ne. Tana jin yaren ESC/POS da Epson ya ƙirƙira, kuma in an aika mata rubutu tana duba shi ne a 'yan teburan haruffa da aka gina mata a ciki, kowanne bai wuce gurbi 256 ba, babu ƙ a ciki. Dabarar ita ce a zana rasit ɗin a matsayin hoto a cikin kwamfuta, a tura mata hoton ɗigo ɗigo. Yana ɗan ƙara jinkiri, amma Ɗanladi zai ga sunansa daidai. To ka ga abin da za a tambaya game da laburaren firinta ke nan: yana iya tura hoto?

Akwai kuma ɓoyayyun ramuka a rumbun bayanai. SQLite, wanda Richard Hipp ya fara a 2000 ya kuma sallama shi ga jama'a baki ɗaya, da wuya a sami abin da ya fi shi dacewa da shagon ƙauye, tunda fayil guda ne da za a kwafa a filash. Amma yadda yake zuwa, haruffan Ingilishi kawai yake gane babbansu da ƙaraminsu. Ka nemi "kabiru" zai kawo maka "Kabiru", ka nemi "ƙasimu" ba zai kawo "Ƙasimu" ba. Wajen jera sunaye kuma sai ya tura duk masu farawa da Ɓ da Ɗ da Ƙ can bayan Z, alhali malamin makaranta yana sa ran ganin Ɗahiru bayan Dauda. Laburaren ICU yana ɗauke da ƙa'idar jerin Hausa, sai dai yana da nauyi. Ga ƙaramin aiki gara mutum ya rubuta ɗan tsarin jerinsa ya miƙa wa SQLite, wanda ya tanadi ƙofar yin haka. Sannan ga Sa'adatu da Mu'azu da Isma'ila, waɗanda alamar hamzar da ke tsakiyar sunansu take kayar da duk manhajar da aka liƙa sunan kai tsaye a cikin umarnin rumbu. Kowane laburaren rumbu na kirki yana da hanyar miƙa suna dabam da umarni. Ni da zan ba ɗalibai jarrabawa, sunaye huɗu kawai zan sa su shigar: Ɗanladi, Ƙasimu, Sa'adatu da 'Yar Baba.

Makarantar Islamiyya za ta ƙara da nata. Tana son Larabci ko Ajami a takardar sakamako, rubutu daga dama zuwa hagu, haruffa suna haɗuwa suna sauya kama. Qt yana yin wannan da taimakon HarfBuzz, amma wasu laburarorin PDF sai su watsa haruffan ɗaya ɗaya a juye. Don kyan gani akwai salon Alkalami na SIL, wanda aka zana shi bisa irin rubutun hannu na ƙasar Kano. Tana kuma son kwanan watan Musulunci. Qt ya sami kalandar Hijira a fitowa ta 5.14, .NET yana da ta Ummul Ƙura, amma duk lissafi ne, mu kuwa sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Dole a bar wa malam maɓallin da zai ƙara kwana ko ya rage.

Sai lasisi, wanda a nan ne na fi samun saɓani da matasa. "Ai kyauta ne," in ji su. Kyauta ne, amma da sharaɗi, kuma wanda ya ci ladan kuturu ya san abin da ya hau kansa. Lasisin MIT da BSD da Apache masu sauƙi ne: yi abin da ka ga dama, har sayarwa, amma ka bar sunan mai shi da takardar lasisin a cikin kayan. LGPL ya yarda ka rufe naka rubutun, muddin laburaren ya zauna a fayil ɗinsa dabam yadda mai amfani zai iya musanya shi. GPL bai hana sayarwa ba, kamar yadda wasu suke zato, amma duk wanda ka ba manhajar yana da haƙƙin ya karɓi rubutunta gaba ɗaya, ya gyara, ya ba wani. In yaron nan yana da niyyar sayar wa kemis ashirin daga Gaya zuwa Dutse, ya kamata ya san wannan tun daren farko. Misalin da ya fi kama ɗalibai shi ne na Python da Qt: PyQt na kamfanin Riverbank GPL ne ko a biya, PySide kuwa, wanda Nokia ya fito da shi a 2009, LGPL ne. Kusan rubutu ɗaya ake yi da su, hukuncinsu ne ya bambanta. A cikin Qt kansa ma akwai sassa irin Qt Charts da ba a bayar da su a LGPL ba, sai GPL ko kuɗi, haka QCustomPlot.

Lasisi kuma yana sauyawa a ƙarƙashin mutum yana barci. iText, na rubuta PDF, ya koma AGPL, ɗan'uwan GPL, a 2009 da fitowa ta 5. EPPlus, wanda masu C# suka daɗe suna rubuta Excel da shi, a 2020 ya zama kyauta ga wanda ba ciniki yake yi ba kawai, kemis kuwa ciniki ne. Tsofaffin darussan da ke yawo a intanet ba za su gaya maka haka ba. Na san abin da za a ce: wa zai taso daga Turai ya kai ƙarar wani a Ajingi? Da wuya, gaskiya ne. Amma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare manhajar kwamfuta, kuma ranar da aikin ya girma har wata hukuma ko ƙungiyar agaji ta so saye, jerin lasisi na cikin abin da za su nema. Ban da haka ma, mutumin da yake fushi in an kwafi manhajarsa ba a biya shi ba, bai kamata ya taka sharaɗin wanda ya ba shi aro ba.

Abu na ƙarshe da za a duba shi ne mai riƙon laburaren. Muna ganin sunan kaya a allo kamar na wani katafaren kamfani, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne yake gyara shi da daddare bayan ya taso daga aikin da yake ci da shi. A Maris na 2016 wani mai suna Azer Koçulu ya yi fushi da npm kan rigimar suna, ya janye ƙunsassunsa fiye da ɗari biyu. A cikinsu akwai left-pad, layi goma sha ɗaya kacal, amma dubban ayyuka suka tsaya cak, yawancinsu ba su ma san suna dogara da shi ba, domin laburaren da suka ɗauko ne ya ɗauko wanda ya ɗauko shi. A Maris na 2024 kuma Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shigarsa wata kwamfuta tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tarar da ƙofar baya da aka dasa a xz, laburaren matse fayiloli da kusan kowace Linux take ɗauke da shi. Wanda ya dasa ta, da sunan Jia Tan, ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakon mai riƙon aikin, Lasse Collin, wanda gajiya ta kama, har aka amince masa aka ba shi makulli.

Ba a buƙatar zama gwani kafin a auna wannan. A buɗe shafin laburaren a ga yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, mutum nawa ne suke sa hannu, in an kai kuka ana amsawa ko kuwa koke-koke sun taru shekara uku babu wanda ya tanka, sannan laburare nawa yake ja a bayansa. Yawan taurarin GitHub farin jini ne kawai. Tsufa kuwa ba aibu ba ne ga abin da aikinsa ya kammala. Mai zana lambar kaya ba ya buƙatar sabon gyara duk wata. Inda tsufa yake da haɗari shi ne laburaren da yake buɗe abin da ya zo daga waje, hoto ko PDF ko fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp. A Satumban 2023 an gano rami a libwebp, mai buɗe wani nau'in hoto, wanda ya shafi Chrome da manhajojin Electron da yawa. Hoto ɗaya da aka shirya da gangan ya isa. Kwamfutar da ba ta hawa intanet ta tsira daga abubuwa da yawa, amma filash yana shiga cikinta kullum. Irin waɗannan laburarorin su ake sabuntawa ko da sauran sun tsaya.

Sauran kuwa a ɗaure su. A rubuta lambar fitowar kowanne daidai, a sauke su gaba ɗaya ranar da aka shiga Wudil ko Kano inda layi yake da ƙarfi, a adana. Umarnin pip download yana tara ƙunsassun Python a jaka guda yadda za a girka su daga baya babu intanet, NuGet ma yana karɓar jakar cikin kwamfuta a matsayin kasuwarsa. A cikin rubutun manhajar kuma kada a bar sunan laburaren firinta ya bazu a wuri hamsin. A yi masa ɗaki ɗaya, duk mai son buga rasit ya bi ta nan, don ranar da firintar ta mutu aka sayo wata iri, fayil ɗaya za a taɓa.

Yaron nan zai gama Wudil, bautar ƙasa ta jefa shi Ebonyi ko Bayelsa, manhajar kuwa tana nan a shago tana aiki shekara biyar ko fiye. Wata rana kwamfutar za ta mutu, Kawu ya sayo wata mai Windows 10, wanda shi ma Microsoft ya ja masa layi a 14 ga Oktoban 2025, ya kira wani yaron dabam. Abin da wannan na biyun zai nema a aljihun teburin shago shi ne filash biyu masu ɗauke da rubutun manhajar, da jakar laburarori, da salon haruffan da aka cusa, da takarda guda da aka rubuta da biro: sunan kowane laburare, lambar fitowarsa, lasisinsa, inda aka samo shi, da aikin da yake yi a ciki.